Shekarar Da Ƙaramar Gasar Hoki Ta Ci Kasuwarta

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni fa ina ɗan leƙa wasan hoki na kan ƙanƙara a YouTube, sai naji ana cewa wai akwai shekarar da ƙaramar gasa ta fi babbar armashi a Amurka, da gaske ne ko dai zuƙi ta malle ce?

AMSA: Da gaske ne ɗan'uwa, kakar 2004 zuwa 2005 kenan. Rigimar kuɗi ce ta ɓarke tsakanin masu kulob na babbar gasar NHL da 'yan wasa akan ƙayyade albashi, masu kulob suka ce ba wanda zai taka ƙanƙara sai an daidaita, aka yi ta ja-in-ja har watan Fabrairun 2005 aka soke kakar baki ɗaya, ko wasa ɗaya ba'a buga ba.

To faɗuwa ta zo daidai da zama, matasan da ya kamata ace suna NHL sai suka gangaro AHL, wato gasar da ake rainon 'yan wasa. Jason Spezza na Binghamton Senators shi kaɗai ya tara maki 117, cin ƙwallo da taimakawa, aka bashi gwarzon shekara.

Kofin Calder kuwa, wato kofin zakarun AHL, Philadelphia Phantoms ne suka ɗauka, suka lallasa Chicago Wolves wasa huɗu a jere ba ko numfashi, wasan ƙarshe mutum 20,103 suka cika filin. Ni dai a ganina golansu Antero Niittymäki ɗan Finland ne ya ɗauko musu kofin nan, kuma shi ɗin aka baiwa kyautar gwarzon zagayen ƙarshe.