Na haddace da dare, jibi sai in nema in rasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekarata 27, bara na shiga makarantar dare ina hadda, to wallahi sai in zauna bayan isha'i in haddace shafi guda tsaf har in kai wa malam, amma jibi in aka ce in kawo sai kaina ya ɗau zafi in yi ta kame-kame. Abin da ke ɗaure min kai kakata ta haura 80 amma tana ba mu labarin farin 1973 har kuɗin kwanon gero tana faɗa, alhali abin da ta ci da safe ba ta riƙewa. Wasu sun ce waya ce ta lalata ni, wasu sun ce sammu ne. In sha zuma ko yaya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Zuma dai ka sha abinka tana da daɗi, amma batun sammu ka ajiye shi gefe, lafiyarka ƙalau, haka kan ɗan Adam yake.

Akwai wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus da ya fitar da bincikensa a 1885, shi ya mai da kansa abin gwaji, ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, sai ya ga zubewar ba a hankali take farawa ba, cikin awa 1 fiye da rabi ya tafi, bayan kwana 1 wajen kashi 2 cikin 3, daga nan kuma sai ta lafa, ɗan abin da ya rage ya daɗe. Ka ga ke nan kai da ka haddace ranar Asabar da dare ba ka waiwaya ba sai Litinin, ka bar shukar ne daidai lokacin da take neman ruwa. Ya kuma gano maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya, ko da kuwa adadinsu ɗaya ne.

Ni abin ma dariya yake ba ni, don alarammomin tsangaya sun daɗe da sanin wannan ba tare da sun ji sunan wani Bajamushe ba. Me ya sa ba a barin almajiri ya wanke allo sai ya kawo da ka? Me ya sa gardi yake tashi da asuba yana tilawar abin da ya wuce tuntuni? Ai ko a hadisi an kwatanta kuɓucewar Alƙur'ani da raƙumin da ya kwance dabaibayi.

To ga yadda za ka yi. Ka haddace da dare, ka kwanta ka yi barci sosai, don a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka zuba mata (a nan ne wayar take da laifi, in kana kan TikTok har ƙarfe 1 na dare), da asuba ka kawo shafin da ka Mus'hafi a rufe, sai ka kakare sannan ka leƙa. Wannan wahalar ta lalubowa ita ke kafa shi, in kana kallon takarda sai ka ɗauka ka iya alhali ido ne kawai ya saba. Ka sake kawowa a gona kana noma, sai bayan kwana 3, sai bayan sati. Kuma ka nemi fassarar ayoyin, abin da ka san ma'anarsa ya fi zama.

Batun kakarka kuwa, akwai wani ɗan sashi a ƙwaƙwalwa ana ce masa hifokamfus, ta nan sabon abu yake bi kafin ya zauna. A 1953 likitoci a Amurka suka cire wa wani Henry Molaison wannan wurin ta ɓangare biyu saboda farfaɗiya, ya rayu har 2008 yana tuna ƙuruciyarsa amma wanda ya gaisa da shi ɗazu ba ya gane shi. Tsufa yakan raunana wurin, tsohon labari kuma ya riga ya kafu, balle shekarar yunwa da ta gani da idonta ta kuma ba da labarinta sau ba adadi.

Sai dai ku sa mata ido. Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne, amma in ta fara ɓata a hanyar gidan da ta saba zuwa, ko ta kasa gane 'ya'yanta, ko ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone ba sau ɗaya ba, kar a tsaya cewa rikicin tsufa ne, ku kai ta babban asibiti mafi kusa a duba ta, in da hali har Asibitin Malam Aminu Kano, kuma wanda yake kwana da ita shi ya raka ta don shi zai iya faɗa wa likita yaushe abin ya fara.