Amsa ga yarona kan jinkirin kwashe bidiyo daga faifai

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka tafi gida da fayafan DVD goma sha biyu na bikin da Hajiya ta kawo shago domin a mayar mata da su cikin filashi, ka sa na farko a kwamfutar gidanku bayan sallar isha'i, ka buɗe HandBrake, manhajar juya bidiyo, ka nuna mata faifan kai tsaye, amma aikin bai kammala ba sai wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare. Ka ce a ƙasan manhajar ka ga wata lamba tana yawo a wajen 15 da haruffan fps a gefenta, kuma faifai na biyu ya tsaya cak bayan ya wuce rabi, na'urar tana ta gurnani ba ta ci gaba ba. Tambayarka ita ce ko ka sayi sabuwar na'urar karanta faifai ko kuwa ka ƙara wa kwamfutar RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna, domin matsaloli biyu ne daban ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma idan ka fitar da kuɗi yanzu za ka bar jaki ne kana dukan taiki.

Abin da muke kira kwashe bidiyo daga faifai ayyuka biyu ne, ko da yake manhaja tana nuna maka su kamar aiki ɗaya. Na farko shi ne kwafi, wato na'urar faifai ta karanta abin da ke kansa ta miƙa shi ga rumbun kwamfuta yadda yake, ba ragi ba ƙari. Na biyu shi ne juyi, wato a warware bidiyon daga tsarin MPEG-2 da ake rubuta DVD da shi, a sake matse shi cikin tsarin H.264 da wayoyi da talabijin na yanzu suka fi karɓa. Aikin farko na na'urar faifai ne, na biyu kuwa na furosesa ne, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta. Lokacin da ka nuna wa HandBrake faifan kai tsaye, ka ɗora ayyukan biyu a kan juna, kuma a irin wannan hali wanda ya fi nauyin jiki shi ne yake tsayar da tafiyar kowa.

Ka riƙe waɗannan alƙaluma, domin da su za ka riƙa gane wanda ke da laifi. Gudun DVD na asali, wanda ake rubutawa 1x, kusan megabait 1.4 ne a daƙiƙa guda, kuma faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, saboda haka a wannan gudun cikakken faifai zai ci kusan awa ɗaya. Na'urar kwamfutar tebur mai 16x tana kwafe shi cikin kamar minti shida, siririyar da ke jikin laftof kuwa, wadda iyakarta 8x, cikin minti goma ko sha biyu. Kada ka yi mamaki idan ka ga kwafi ya fara a hankali sannan ya riƙa ƙara sauri, domin ana karanta faifai ne daga ciki kusa da rami zuwa baki, kuma da yake juyawarsa ɗaya ce, bakin ya fi wucewa da sauri a ƙarƙashin idon na'urar. Lambar da aka rubuta a kwali gudun can baki ne kawai. Ka ga ke nan ko na'urar da ta fi kowace rauni ba ta da dalilin shafe fiye da awa uku a kan lafiyayyen faifai.

Lambar 15 ɗin da ka gani ita ce ta tona asirin faifan farko. Bidiyonmu a nan tsarin PAL ne, hoto 25 a kowace daƙiƙa, wato hoto 90,000 a awa ɗaya, 180,000 a bidiyon biki mai awa biyu. Manhajar tana faɗa maka cewa furosesarku hoto 15 kawai take iya matsewa a daƙiƙa. Raba 180,000 da 15, za ka sami daƙiƙa 12,000, wato awa uku da minti ashirin, daidai lokacin da ka zauna kana jira. A duk tsawon wannan lokaci na'urar faifan ba ta yi komai ba face jiran furosesa: ta karanta ɗan kaɗan, ta dakata, ta sake juyawa, tana ɗaukar zafi a banza. Da ka sayo sabuwa da safe, da daddare za ka sake ganin 15 ɗin nan. RAM ma haka, domin matse bidiyon DVD ba ya cin RAM mai yawa, sai dai idan ta kwamfutar ta yi ƙaranci ƙwarai har Windows kanta tana ɗingishi.

Saboda haka ƙa'idar shagonmu, wadda ka sha ganin ina bi ko da ban taɓa zaunar da kai na bayyana dalilinta ba, ita ce kwafi tukuna, juyi daga baya. Ka buɗe faifan kamar yadda kake buɗe filashi, za ka ga folda mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarshen VOB, waɗanda su ne bidiyon kansa an yanka shi gunduwa-gunduwa ba ta wuce gigabait ɗaya, da ƙananan IFO da BUP masu riƙe da tsarin babi. Ka ja foldar gaba ɗaya zuwa rumbun kwamfuta, ka sa mata sunan biki da lambar faifai, ka duba agogo. Idan ta gama cikin kwata ɗin awa ko ƙasa da haka, na'urarka lafiya lau take. Ka cire faifan ka mayar da shi gidansa, ka sa na gaba, kuma cikin yamma ɗaya za ka kwashe duk lafiyayyun. Daga nan sai ka jera su a layin aiki na HandBrake su yi ta juyawa daga rumbu kana barci. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, fayil ɗaya ne kawai za ka sake, kuma ba sai ka ƙara taɓa faifan Hajiya ba.

Juyin kansa ana iya rage masa nauyi sosai. Ka zaɓi saitin da aka rubuta Fast ko Very Fast, ka bar girman hoton yadda yake, ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, domin na ga yara suna zaɓar 1080 da tunanin bidiyon zai ƙara kyau, alhali abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi. Idan furosesar Intel ce ta 2011 zuwa sama, mai yiwuwa tana da Quick Sync, wani sashe da aka gina musamman don matse bidiyo, kuma idan ya bayyana a jerin zaɓin manhajar za ka ga lambar nan ta ninka sau da yawa. Idan laftof ce, ka bar caja a jikinta, domin a kan batir tana rage ƙarfinta da gangan. Sannan ka ɗora hannu inda fanka ke hurowa: idan iskar ba ta da ƙarfi kuma jikin ya yi zafi jau, ƙurar hunturu ta toshe hanya, kuma furosesar da ta yi zafi tana rage gudu don ta kare kanta. Na sha buɗe kwamfutar da ake wa kallon ta tsufa, na fitar da ƙura daƙam kamar tsumma, na sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ta dawo hayyacinta.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar juyi ko kaɗan, wato manhajar MakeMKV, wadda ke haɗa gunduwoyin VOB cikin fayil ɗaya ba tare da ta sake matse su ba, don haka gudunta gudun kwafi ne kuma hoton ba ya raguwa. Ina son ta don ajiya, amma ga filashin Hajiya sai ka yi lissafi: fayafai goma sha biyu cikakku sun haura gigabait 50, filashin da ke tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma wasu tsofaffin talabijin ba sa gane exFAT, tsarin filashin da ke karɓar manyan fayiloli. Shi ya sa nake ba mai kaya MP4 don kallo, in ba shi shawarar ajiye kwafin asali a wani rumbu daban.

Idan kuma kwafin ne da kansa yake tafiyar hawainiya a kan faifai mai kyau, wuraren dubawa kaɗan ne. Wasu na'urori masu ƙera su sun ɗaure musu gudu idan suka gane faifan bidiyo ne, don kada ƙararsu ta dami mai kallo, sai ka ga kwafi ya ci kusan rabin awa. Wannan ba lalacewa ba ce. Na'urar waje da aka jona ta USB, idan ta faɗa a gudun USB 1.1 saboda tsohuwar kafa ko ruɓaɓɓen kebul, da ƙyar take wuce megabait ɗaya a daƙiƙa, alhali USB 2.0 ta wadatar da kowace na'urar DVD; ka canza kafa, ka guji jona ta ta hanyar mahaɗa mai kafafu da yawa, domin siraran na'urorin nan suna buƙatar wuta isasshiya. Kada ka kwafa kai tsaye zuwa filashi mai araha, domin rubutunsa ya fi karatun faifai jinkiri. Idan kuma kwamfutar tsohuwa ce mai faffaɗan kebul na IDE da Windows XP, akwai wata tsohuwar cuta: bayan kurakuran karatu shida Windows tana sauke na'urar zuwa matakin gudu na ƙasa, har ta kai ta tsarin PIO inda furosesa ce ke dakon kowane bayani, ta bar ta a can. Alamarsa ita ce ka ga furosesa ta cika a Task Manager alhali kwafi kawai ake yi, kibiyar linzami tana tsalle-tsalle. Maganinsa a cire tashar IDE ɗin a Device Manager a sake kunna kwamfutar, ta dawo kan DMA, tsarin da bayani ke wucewa ba tare da dakon furosesa ba.

Faifai na biyu shi ne ya fi damuna, domin tsayawarsa wuri ɗaya da gurnanin da ka ji suna nufin na'urar ta kasa karanta wani yanki, tana rage gudu tana sake gwadawa. Ka juya shi a gaban haske ka duba. Idan maiƙon yatsa ne ko ƙura, ka goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa mai tsabta, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba, domin bayanan suna kwance ne a kan layi mai zagayawa, kuma ƙarcen da ya bi layin yana shafe dogon yanki da gyaran kuskure na faifan ba zai iya cikewa ba, wanda ya ratsa shi kuwa ɗan kaɗan yake ɓatawa. Idan ka ga launin shunayya na ƙasan faifan ya kode ko ya yi tabo kusa da baki, to rinin da ake ƙonawa a DVD-R ne ya fara mutuwa saboda zafi da rana, kuma wannan ba ya goguwa. Kada ka kai shi injin gurza kafin ka ceci abin da zai cetu.

Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo mini faifan sunan ɗansa, wanda shi kaɗai ne bidiyon da muryar marigayi kakan yaron take ciki yana yi wa jariri addu'a. Faifan yana tsayawa kamar naka. Na sa shi a kwamfutar Linux ta shago da manhajar ddrescue, wadda take fara kwashe duk wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, ta rubuta taswirar inda ta tsaya, sannan ta koma kan ɓatattun ɗaya bayan ɗaya. Kwana na farko ta bar wani ɗan yanki. Washegari na canza na'ura na ci gaba da taswirar nan, domin idon kowace na'ura da irin abin da yake iya gani, sai ta biyun ta cike mafi yawansa. Abin da ya salwanta a ƙarshe 'yan daƙiƙu ne na jama'a suna shigowa zaure, addu'ar kuwa ta fito cikakkiya. Mutumin ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa ya saurare ta sau uku kafin ya iya magana. Tun daga ranar, faifan da ya yi jinkiri a hannuna ina ɗaukarsa a matsayin wanda ke gab da mutuwa, in fara da shi kafin lafiyayyun.

Ka kuma duba cikin tarin ko akwai wanda ba DVD ba ne. Idan ka ga folda mai suna MPEGAV da fayil mai ƙarshen DAT, VCD ne, kariyarsa daga kuskure ba ta kai ta faifan bayanai ba, kuma hotonsa 352 da 288 ne kawai, sai ka faɗa wa Hajiya tun da wuri kada ta zaci mu muka ɓata shi. Ƙaramin faifan kyamara mai santimita 8 kuwa, idan kwamfuta ta nuna shi wayam, sau da yawa ba a rufe rubutunsa a cikin kyamarar ba ne. Kada ka yarda da tayin Windows na yi masa fomat.

Yau da daddare ka kwafe VIDEO_TS na sauran goman zuwa rumbu, ka rubuta a takarda mintocin da kowanne ya ci, duk wanda ya tsaya ka dakatar da shi nan take ka ware shi gefe. Ka kira Hajiya ka shaida mata cewa ɗaya daga cikin fayafanta yana buƙatar kwana biyu ko uku. Ranar Asabar ka zo shago da faifai na biyu a cikin gidansa, da takardar, da kwamfutar kanta idan za ka iya ɗauko ta, mu buɗe ta tare ka ga inda ƙurar take taruwa, sannan in nuna maka yadda ake rubuta umarnin ddrescue da taswirarsa.