Lambar shafi na ɓace min a ƙarƙashin hoto, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa mujalla mai shafi 48 a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi da mujalla, da farko da hannu nake buga lambar kowane shafi, sai aka ƙaro min shafi huɗu a tsakiya komai ya dagule. Abokina ya ce in koma amfani da masta, na koma, amma yanzu duk shafin da na shimfiɗa hoto ya cika shi sai lambar ta ɓace, kuma ko na danna ta ba ta motsi. A taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya ba ka shawara mai kyau, rabin karatun ne kawai bai ƙarasa maka ba.

Masta dai kamar takardar da aka riga aka buga wa kan wasiƙa ce, duk abin da ka ɗora a kanta zai fito a kowane shafin da ke bin ta, sunan mujalla, layin ado, lamba, duka. In manhajarka sabuwa ce kar ka sha wahalar neman kalmar Master, tun 2021 Adobe, kamfanin da ke yin InDesign, suka mayar da ita Parent, aikin dai ɗaya ne. Ina fata kuma ba 1 ka rubuta a can da hannunka ba. Akwatin rubutu za ka zana, ka danna Ctrl da Alt da Shift da N tare, harafin A zai fito, shi ne zai riƙa juyewa zuwa lambar kowane shafi ko da an ƙaro maka ashirin.

To ga inda gizo ke saƙar. Matuƙar komai yana kan leya ɗaya (Layer, wato hawa-hawan da ake jera kaya a kai, wani bisa wani), kayan masta a ƙasa suke zama, kayan shafi a sama, shi ya sa hotonka ya danne lambar, tana nan ba ta je ko'ina ba. Kuma ko ka wuni kana Bring to Front (umarnin kawo abu gaba) a cikin masta ba abin da zai canja. Danna F7 akwatin Layers ya buɗe, ka ƙirƙiri sabuwar leya ka ja ta can sama, ka shiga masta ka mayar da akwatin lambar kanta, shi ke nan. Ni leya uku nake yi, hotuna a ƙasa, rubutu a tsakiya, lamba da sunan mujalla a sama, sai in kulle ta saman don kar hannu ya zame. Wasu har goma suke yi, a ganina wahalar da kai ce.

Batun ƙin motsi kuwa da gangan aka yi shi. In dole sai ka taɓa ta a shafi ɗaya, riƙe Ctrl da Shift ka danna ta, amma ka sani duk abin da ka sauya mata a nan, launi ne ko wurin zama, ya daina bin masta. In hotunanka masu duhu suna da yawa gara ka yi masta ta biyu da ta dogara da ta farko, ka sa lambarta da farin launi. Bangon mujallar kuma ka jawo masa None (wato ba masta) daga cikin akwatin Pages, don ba a sa masa lamba.