Amsa ga ƙanenmu: inji za a fara saya ko kayan hannu?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce ka gama koyon kafinta, ka ɗan tara abin da ka tara, shin injin yanka katako za ka fara saya ko kayan hannu. To ga tawa amsar, ka yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ni dai fara da hannu nake ba ka shawara. Zarto mai kyau, cizal kamar guda 3, filen na fere katako, sukwaya ta auna kusurwa, da dutsen wasa ƙarfe. Wannan dutsen kada ka raina shi, wallahi shi ne uban kayan. Yawancin yaran da ke kukan aikin hannu akwai wahala, da dakusasshen ƙarfe suke fama. Bakin cizal ana wasa shi a kan digiri 25, a ƙarasa kaifin a kan 30, bayansa kuma ya kwanta sumul a kan dutse. In ya samu kaifi, turawa kawai za ka yi ya riƙa fere katako kamar sabulu.

Kada ka ɗauka ƙin inji nake yi, a'a. In aka ba ka ƙofa 20, ko dogon falankin katako za ka tsaga, ka ce da zarton hannu za ka yi, kai da kanka ka cuci kanka. Tsagawa, daidaita kauri, huda, wannan duk aikin inji ne.

Amma inji bai san katako ba, ka gane? Kowane katako da inda zarensa ya kwanta, kamar gashin jikin dabba. Ka tura filen ta inda ya kwanta, fuska ta fito tana sheƙi. Ka juyo ta ɗaya ɓangaren, sai ya yi ta ɓalgacewa. A hannunka za ka ji wannan tun kafin idonka ya gani. Wanda bai taɓa ji ba, in ya hau inji, sauri kawai zai ƙara wajen ɓata kaya.

Ɗauki durowa. Ka haɗa ta, ka tura, ta cije a gefe guda. Abin da za a rage bai kai rabin milimita ba. Ka shafa mata filen sau biyu, ɓawon ya fito a naɗe siriri kamar takarda, ka sake turawa ta shige lafiya lau. Haka ramin da injin sassaƙa ya haƙa, kusurwarsa a zagaye take fitowa tunda bakinsa juyawa yake yi, dole cizal ne zai miƙar da ita.

Sannan maganar da ta fi damuna. Faifan zarton inji yana juyawa sau 3,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya, ba ya jiran ka janye yatsa. Na taɓa gani da idona, katako ya matse faifan ta baya, injin ya cillo shi ya bugi abokin aikina a ciki, sai da ya durƙusa. An cire ƙarfen da ke bayan faifan ne, mai hana katako matse shi, wai yana rage sauri. Don Allah ranar da ka sayi naka, kada ka cire wannan ƙarfen, kuma da sanda za ka riƙa tura ƙaramin katako. Ka toshe kunne, domin ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cin ji a hankali, ka kuma rufe hanci saboda ƙurar katako.

Ka ɗauko hoton kayan da ke hannunka yanzu ka turo nan, mu duba mu ga wanne ne ya rage maka.