Kont ɗin wasa na hannu da kod mai araha: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin nan kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan wasan gem ne, sai na ɗauko uku da na ga sun shafi mutane da yawa, sauran ku yi min haƙuri.

Wani ƙane daga Bukoki ya ce: "Yaya, na sayi kont ɗin PlayStation mai wasan ƙwallon FC a ciki wajen wani a WhatsApp, jika 8 na tura mishi. Wata biyu ina wasa lafiya lau, shekaranjiya na kunna sai na ga alamar kwaɗo a kan wasan, modepas (lambar sirri) ma ta ƙi shiga, shi kuma ya toshe lambata. In nemi wani mai sayarwa mai amana?"

Ƙanena wallahi na ji maka, jika 8 ba wasa ba ce a wannan lokacin. Amma kar ka sake, ko da wa ya haɗa ka da mai sayarwar. Abin da ka saya rigar aro ce. Kont na wanda ya buɗe shi da imel ɗinsa ne, shi ke da rasit ɗin sayayyar farko, duk ranar da ya ga dama ya rubuta wa Sony, kamfanin PlayStation, ya nuna shaida sai a mayar mishi, kai kuma ba ka da bakin magana tunda dokar kamfanin ma ta hana sayar da kont. To ko dai na sata ne mai shi ya farga ya karɓe abinsa, ko kuma mai sayarwar ne da kansa ya janye don ya sake sayar wa wani. Wannan na biyun shi ya fi yawa a abin da nake gani, kont ɗaya a ce ma wannan "primer" a ce ma wancan "segonder", wato na farko da na biyu, mutum huɗu ko biyar kowa na jin nashi ne.

Na taɓa zama a wani gidan wasa a Talaje, mai wurin yaro ne mai ƙoƙari, talabijin uku da PS4 uku, da su yake taimakon gidansu. Ranar Asabar da yamma yara sun cika benci kowa da canjinsa a hannu, sai injin biyu suka nuna kwaɗon nan lokaci ɗaya don kont ɗaya ya saya ya raba musu. Yana riƙe da manet, abin sarrafa wasan, yana danna yana sake dannawa, idonsa ya yi ja, yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Har yau abin yana raina.

Ka buɗe naka kont ɗin da imel ɗinka, ka sa mishi tabbaci na biyu, wato bayan modepas sai an sa kod ɗin da ke zuwa a wayarka. In kuɗin sabon wasa ya yi maka nauyi, kuma injinka na cin faifai, ka nemi faifai na hannu ka gwada shi a gaban mai shi. Faifai dai ba wanda zai janye shi daga nesa.

Na biyu ɗalibi ne daga Harobanda: "Ina wasa a kwamfuta. Na ga kod ɗin wasannin Steam a G2A da Eneba da Kinguin rabin kuɗi, wani lokacin ma ƙasa da haka. Na gaske ne? In saya?"

Malam ɗalibi, kod ɗin nan lamba ce da ake sawa a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, a buɗe wasa, kuma da yawansu na gaske ne kuma suna aiki, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai waɗannan wuraren kasuwa ce, kamar Katako, rumfa ce aka ba mutane kowa ya kawo hajarsa, kai ba ka san daga ina ta fito ba. Wani ya sayo a ƙasar da farashi ke ƙasa, wani lokacin rangwame ya tara ya ajiye, wani ya yi wa masu ƙera wasa ƙarya cewa shi ɗan YouTube ne aka ba shi kyauta. Akwai kuma wanda ya saya da katin bankin da ya sata, kuma nan ne matsalar take. Mai katin in ya gani ya kai ƙara banki, banki ya ƙwato kuɗin daga kamfanin wasan har da tara, kamfanin kuma yana iya kashe kod ɗin, wasan ya ɓace daga kont ɗinka. A farkon 2015 kamfanin Ubisoft ta kashe kod ɗin wasanta Far Cry 4 da aka saya da katin sata, mutane suka tashi suka ga ba wasa, sai da aka yi ta surutu kafin ta mayar wa waɗanda suka riga suka kunna. A 2020 kuma G2A da kanta ta amince an sayar da kod 198 na sata na wasan Factorio a kasuwarta, ta biya kamfanin Wube, masu wasan, dalar Amurka 39,600.

Ga kuma wani abu, in ka saya kai tsaye a Steam kana da kwana 14 ka mayar a ba ka kuɗinka muddin ba ka yi awa 2 kana wasan ba. Kod ɗin waje ba ya cikin wannan. Wani kod ɗin ma an ɗaure shi da yanki, ka biya ya ƙi buɗewa a Nijar.

Ni dai ba na saya, musamman wasan ƙananan kamfanoni, mutum uku huɗu sun shekara suna wahala sannan a ci su tara a kan satar da ba su yi ba, raina bai kwanta da hakan ba. Ka sa wasan a jerin abin da kake so ka jira rangwamen Steam na wajen ƙarshen Yuni ko na Disamba.

Masu sayen kat ɗin PlayStation, wato katin zuba kuɗi a kont, ku ma ku ji wannan. Sefa ɗaure take da yuro, yuro 1 kusan sefa 656 ne, kenan kat ɗin yuro 20 ya haura jika 13 kafin ma mai sayarwa ya ɗora ribarsa. Wanda ya ce maka jika 7 fa, ina ya samo? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma kat ɗin Faransa sai kont ɗin Faransa, ba a canja ƙasar kont bayan an buɗe.

Ta uku wata uwa ce daga Tawa: "Ɗana yana Free Fire da wayata. An turo mishi wata mahaɗa wai diyamon kyauta, ya sa lambar sirrin Facebook ɗina, yanzu wasan ya tafi, ni ma ba na iya shiga. Kwana biyu bai ci abinci ba."

Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Wasan zai jira, Facebook ɗinki za a fara ceta yau ɗin nan. Ki sa a sanar da dangi da ƙawaye cewa duk saƙon neman kuɗi da sunanki ba ke ba ce, don abin da ɓarayin nan ke fara yi kenan. Sannan wani babba da kika yarda da shi ya zauna da ke ku shiga sashen Facebook na kont ɗin da aka sace, da layin wayar da kika buɗe shi da ita, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto mishi kod ɗin da ya shigo kar ki ba shi. In Facebook ya dawo, galibi wasan ma ya dawo tunda a jikinsa yake rataye. In bai dawo ba sai a rubuta wa Garena, masu wasan, da lambar ID ɗinsa da hoton duk rasit ɗin diyamon da ya taɓa saya. Za ki ga masu cewa ki turo jika 5 su ƙwato miki, kar ki tura ko dala.

Yaron kuma don Allah a sassauta mishi, manya masu gemu ma ana kama su da wannan tarkon. Ki nuna mishi cewa sayen diyamon na gaske, wato kuɗin cikin wasan, ID kawai ake tambaya, ba a tambayar modepas. In komai ya lafa a buɗe mishi nashi imel ɗin daban a ɗaura wasan a can, ke ki riƙe lambar sirrin a rubuce a takarda.