Filin Adabi: Ku Tambaya, Mu Amsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Malaminmu na Hausa ya rubuta mana baituka uku a allo, ya ce mu fito da halayen taurari (mutanen da ke cikin waƙar) da adon harshe:

*Ruwa ya zo da dare ya sace iyaka,*
*Ya bar ni, ni da Tanko, cikin shakka.*

*Tanko ya kafe tamkar turmin daka,*
*Faɗi yake, "Nan Baba ya ce in shuka."*

*Aguwa ce alƙalinmu tun kaka,*
*Ni ne na kai masa igiya har ɗaka.*

Na rubuta cewa Tanko mai taurin kai ne, mai ba da labarin kuma mai son zaman lafiya. Na kawo kamantawa da mutuntarwa, amma makina bai kai rabi ba. Ina na kuskure? — Ɗaliba daga Argungu

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗiyarmu. Sunayen adon harshen da kika kawo daidai ne. Inda ƙafarki ta zame shi ne kin ɗauki bakin mai magana a waƙar tamkar bakin shaida, alhali shi ma yana cikin rigimar, gonarsa ce ke maƙwabtaka da ta Tanko.

Ki raba takarda gida uku: abin da Tanko ya faɗa, abin da ya aikata, da abin da aka faɗa a kansa. Gidan farko jimla ɗaya za ki samu, "Nan Baba ya ce in shuka." Bai yi zagi ba, bai nemi ƙari ba, wasiyyar uba ya riƙe. "Faɗi yake" kuma na nuna yana ta nanatawa, ke nan ana ta matsa masa. Gida na biyu tsayawa ce kawai. Taurin kan da kika rubuta daga gida na uku ya fito, wato daga bakin abokin jayayyarsa.

Yanzu ki tsaya kan turmi, don a nan makin yake. Kamantawa ce ta daidaito, kalmar "tamkar" ce ta nuna haka. Da an ce "ya fi turmi kafewa" ta zama ta fifiko. Amma faɗin sunanta rabin aiki ne. Ki tambayi kanki: me ya sa turmi, ba dutse ko kututture ba? Dutse ma ai ba ya motsi. Turmi dai shi ne mai shan duka safe da yamma bai rama ba, kuma a cikinsa abincin gida ke fitowa. Mai maganar ya so ya nuna kafiya, sai hoton ya fallasa haƙuri. In kuwa Tanko turmi ne, wane ne taɓarya? Mu a ganinmu wannan ne ɗango (layin baiti) mafi nauyi a waƙar.

Ruwan da ya "sace" iyaka da dare mutuntarwa ce, an ba shi halin ɓarawo. Aikinta ɗauke laifi daga kan mutanen biyu. Ke da kike Argungu kin san yadda ambaliyar Agusta da Satumba ke shafe kunyoyi a fadama, gari ya waye ba a gane inda gonar wani ta tsaya.

"Aguwa ce alƙalinmu" siffantawa ce, domin babu "kamar" ko "tamkar", kai tsaye aka ce ita ce. Dalilin zaɓenta a fili yake ga manomi: reshenta ake yanka a kafa ya kama, tana jure rani, dabbobi kuma ba su cika taɓa ta ba saboda farin ruwanta. Alƙali ce da ba ta karɓar toshiya, ga shi yau babu ita.

Sai ɗangon ƙarshe, wanda kika tsallake. Igiya alamtarwa ce, tana wakiltar awo da sabon rabo. Wa ya ɗauko ta? Mai maganar. Bai je wurin mai unguwa ba, bai kira dattawan da suka san tsohuwar iyaka ba, ya bi mutum har ɗaka. Ana iya karanta wannan a matsayin neman sulhu, ana iya karanta shi a matsayin matsi. Duk wanda kika zaɓa, ki kafa hujja da kalmomin baitin.

Tsarin rubuta kowace amsa: ki kawo ɗangon, ki faɗi sunan adon, ki nuna abubuwa biyun da aka haɗa, sannan jimla biyu kan abin da ya tona game da halin tauraron. Kada ki rubuta "marubucin ya ce Tanko turmi ne". Ki rubuta "mai magana a waƙar ya ce". Ki kuma kula da lanƙwasa wajen kwafe baiti: "daka" da "ɗaka" duk suna cikin amsa-amon nan na "ka", in kika musanya su kin sa turmi a ɗaki, igiya kuma a wurin daka.