Na fasa kayan da na sa aka sayo mini, mai shago ya riƙe kuɗina

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a unguwar Zariya, Maradi. Na sa wani mai shagon kayan ɗaki ya kawo mini gado da kujeru daga Kano don auren ɗiyata, da launin da ta zaɓa, an kuma zana sunanta a allon gadon. Muka yi ciniki jika 600, na ba da 200, ya rubuta mini rasit. Kaya sun iso, aure kuma ya fasu. Na ce ya mayar mini da kuɗina, ya ce sai ma na cika sauran 400. Yana da wannan haƙƙin?

AMSA: Hajiya, Allah Ya musanya wa ɗiyarki da mafi alheri. Ba zan ɓoye miki ba, a gaban alƙali mai shagon ya fi ki madafa.

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ce a aya ta 1583, da zarar an daidaita kan kaya da farashi ciniki ya faɗa, ko ba a biya ba, ko kaya ba su shiga hannu ba. Aya ta 1134 kuma ta mayar da yarjejeniya doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Fasuwar aure ba laifinki ba ce, amma shi ma ba nasa ba ne. Ya riga ya biya kafinta, ya biya mota, ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya sha fama da duwan.

Yanzu ɗauko rasit ɗin ki duba abin da ya kira jika 200 ɗin nan. In ya rubuta "arrhes", aya ta 1590 ta ba ki damar janyewa: kin rasa 200, shi ke nan, ba ya bin ki ko dala. (Da shi ne ya fasa, ninki biyu zai mayar miki.) In kuwa "acompte" ya rubuta, kuɗin somin biya ne, yana iya neman cikon ko diyyar asararsa. Yawancin 'yan kasuwarmu "avance" kawai suke kartawa, wasu ma a bayan kwalin shayi, to a nan alƙali ne zai auna abin da kuka nufa, ya ji shaidu. Kada wani ya rikita ki da dokokin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, nasu na saye da sayarwa tsakanin 'yan kasuwa ne, ban da kayan amfanin gida.

Sunan nan da aka zana shi ne ya ɗaure ki. Kujeru ko gobe wata uwar amarya za ta saya, amma wa zai kai wa ɗiyarsa gado mai sunan wata? Sai an canza allo, kuma da kuɗi.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya karɓi 600 ya kuma riƙe kaya. In kin cika, kaya naki ne. Malamanmu na Malikiyya ma ba su halatta mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami a banza ba, kuma addini ya kwaɗaitar da yafe wa wanda ya yi nadamar ciniki.

Da ni ne ke, ba zan doshi komisariya ba, wannan ba sata ba ce. Ki tafi da mai gidanki ko wani dattijo da ake jin maganarsa a kasuwa, ki roƙi mai shagon ya sayar da kayan, ya cire kuɗin sabon allo da duk abin da ya faɗi, ya ba ki ragowar. Ku yanke wa'adi, ko wata biyu ne, ku rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. In ya ƙi, ki kai rasit ɗin wurin lauya kafin ki ƙara masa ko tamma.